Shin gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa? Muhawara a zauren 'yan Daura

Matashin Kongolam: Assalamu alaikum. Ina nan a kan maganata ta jiya: duk inda gwamnati ta tsoma hannu a saye da sayarwa, talaka ne ke ji a jikinsa. Aikinta tsaro da shari'a, ta bar wa mutane kasuwarsu. Mu da muka ga rufe boda a Agustan 2019 ba sai an ba mu labari ba. Aka zo aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shinkafa ba ta daina shigowa ba, ta dai bar titi ta bi daji a kan babur, kuɗinta ya hau, masu shinge suka samu na cefane. Kasuwar Mai'aduwa ta yi sanyi, alhali mu da mutanen Damagaram auratayya ce a tsakaninmu.

Tsohon Malamin Gona: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka faɗi rabi. A wannan rufewar ne manomin shinkafa ya ga darajar guminsa, injinan casa suka yawaita. Kuma abin da kake nema an taɓa gwada shi. A 1986 Babangida ya rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ban wanke su ba, tun zamanin Turawa suna sayen gyaɗa da auduga ƙasa da farashin duniya. Amma su ne ke raba iri, su tantance auduga. Da suka tafi wa ya ɗauki aikin? Je ka Funtuwa, garin auduga, ka tambaya.

Matashin Kongolam: Baba, ai ka ba ni hujja da bakinka. Shekaru kusan arba'in ana danne wa manomi farashi, shi ya sa ya rasa jarin tsayuwa da ƙafarsa ranar da aka sake shi. Masanin tarihi Ibnu Khaldun ya rubuta tun ƙarni na 14 cewa sarki ya shiga fatauci cutarwa ce ga talakawa, kuma yana kashe kuɗin shigar baitulmali.

Malamin Islamiyya: Akwai abin da ke goyon bayanka. A hadisin Anas, kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Sai dai kada ka tsaya nan. Shari'a ta haramta ɓoye abinci don ya yi tsada, ta wajabta zakka, ta kafa hisba a kasuwa tana duba mudu da sikeli. Malamai da dama sun halatta wa shugaba ya sa baki idan 'yan kasuwa sun haɗa kai a kan jama'a. Masu irin ra'ayinka a Amurka, waɗanda wasunsu ke kiran haraji ƙwace, me za su ce da zakkar da hukuma ke karɓa?

Hajiya Mai Ƙosai: Ni ban san littattafanku ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki. Wake, man gyaɗa, kuɗin mota, komai ya bi. Wannan ba cire hannun gwamnati ba ne? To ga shi an cire, ina sauƙin?

Matashin Kongolam: Hajiya, wallahi zafin nan mu ma muna cikinsa. Amma man tallafin nan a jarka muke ganin ana tsallakawa da shi Nijar, ribar tana aljihun 'yan tsiraru. Laifin shi ne an cire tallafi an bar shingaye da haraji kala-kala. Malam, batun zakka da mudu na sallama, ba na jayayya da shi.

Tsohon Malamin Gona: To idan ka yarda hukuma ta duba mudu, me zai hana ta duba irin da ake sayar wa manomi? Amsa min wannan bayan la'asar.