Ƙafar feda: Shimano zan saya ko na ƙananan kamfanoni?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu harkar keke, don Allah a taimaka mini da shawara. Kekena na tsere ne, gwanjo, giya 11 a baya. Haƙoran babban farantin gaba da ke jan sarƙa sun cinye har sarƙa tana zamewa in na taka da ƙarfi, ƙafar hagu kuma tana kaɗawa. Bakanike ya ce sai dai a sauya duka, ƙafafun feda da farantansu.

Sati uku ke nan na rasa na ɗauka. Raina ya fi kwanciya da samfurin 105 na kamfanin Shimano, mai faranti biyu masu haƙora 50 da 34, don kaurin sandarsa, wadda ke haɗa ƙafafun biyu, milimita 24 ne, kuma boris ɗinta ba ya wuyar samu. Kuɗin ne ya fi ƙarfina. Wani ɗan ƙaramin kamfani kuwa yana da mai tsawon ƙafa milimita 165, wanda nake so saboda gwiwata, kusan rabin kuɗin, amma kaurin sandarsa milimita 30 ne. Gidan boris na kekena mai zare ne, faɗin milimita 68. Nan na maƙale: in aka cusa sanda mai kauri haka, boris ɗin ba zai yi saurin mutuwa ba, ga ƙurar hunturu?

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba, tunda a 2023 Shimano ta yi kiranyen wasu ƙafafun feda samfurin Ultegra da Dura-Ace saboda rabewa.

Wanda ya yi shekara yana taka na ƙaramin kamfani, yaya giyar gaba take shiga? In farantin ya cinye, ana samun canji?