Wai "Si of O" takardar mallaka ce? Ku zo mu nemo mata suna na gaskiya

Salamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya min a maƙogwaro tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan mu yi mata taron dangi. Takardar nan ta fili da ake ce wa Si of O, wato Certificate of Occupancy, a rediyo da jarida kullum sai ka ji an ce "takardar shaidar mallaka", dillalai ma haka suke faɗa, nima haka na taso ina faɗa. Toh ni dai yanzu na fara ganin fassarar nan tana cutar da mutane.

Abin da ya jawo maganar, wani kawuna ne hanya ta bi ta kan gonarsa a bayan gari, aka zo aka yi awo aka ƙirga bishiyoyin mangwaro da ɗan ɗakin da ya gina da rijiya, aka ce ga diyyarsa. Ya ce ina kuɗin ƙasar? Aka ce babu. Ya dawo gida ransa a ɓace ya ɗauko takardar daga ƙasan akwati ya miƙo min yace ɗan nan karanta min, ba takardar mallaka ba ce wannan? Na karanta daga sama har ƙasa, wallahi babu inda aka ce ƙasar tasa ce. Haƙƙin zama da amfani aka ba shi na shekara 99, da sharuɗɗa, har da kuɗin da zai riƙa biya duk shekara. Na rasa ta inda zan fara yi masa bayani, nace Kawu ka yi haƙuri sunan da muke kiranta da shi ne ba daidai ba.

Ga asalin abin ga wanda bai sani ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, sashe na 1 cewa ya yi duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Mu a Arewa ma ba baƙon abu bane, tun 1910 Turawa suka yi shelar cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, sannan gwamnatin Sardauna ta yi tata dokar a 1962 a kan wannan turbar, ita ce ma kusan aka ɗauko aka shimfiɗa wa ƙasar gaba ɗaya a 1978. Kuma an cusa dokar ta 1978 cikin tsarin mulkin 1999 a sashe na 315, taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki, sai majalisun jihohi 24 sun yarda. Marigayi 'Yar'aduwa ya so ya gyara a 2009 har ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take.

Saboda haka in gwamna ya ce za a yi hanya ko makaranta, sashe na 28 ya ba shi damar soke haƙƙinka saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma yace a biya ka abin da ka ɗora a kai, gini ne ko shuka ko rijiya, ita ƙasar kuwa abin da ake lissafa maka bai wuce kuɗin da ka biya a shekarar da aka soke ba. Kenan abin da aka yi wa Kawu shi doka ta ce. Haka in za ka sayar ko ka kai banki jingina sai da sahalewar gwamna, in babu cinikin bai ƙullu ba, akwai shari'ar bankin Savannah da wani mai suna Ajilo ta 1989 da Kotun Ƙoli ta rushe jingina sukutum saboda rashin wannan sahalewar. Yanzu don Allah abin da sai ka nemi izini kafin ka sayar, kuma ana iya karɓe shi, mallaka ce a Hausa? Akuyarka in za ka kai ta kasuwa wa kake tambaya?

Toh na ga amsoshi sun fara shigowa, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da yawa sun ce "takardar zama" tunda shi Turancin ke nufi. Na ji, amma takardar zama a kunnen Bahaushe ta baƙo ce a ƙasar waje, irin iƙama ta Saudiyya. Sannan gona fa? Gidan mai fa? Ba zama ake yi a ciki ba. Wannan na ajiye ta gefe.

Wani yayanmu lauya yace a kira ta "takardar haya" kawai a huta, tunda akwai wa'adi kuma akwai kuɗin shekara. Yaya ka fi ni sanin doka nesa ba kusa ba, kuma na san a wajenku abin ya fi kama da doguwar haya, amma ka tuna yadda haya take a bakin mutane: ɗan haya ba ya sayar da ɗaki, 'ya'yansa ba sa gadonsa, mai gida in ya ga dama ya ba shi notis ya ce ɗansa zai yi aure. Mai Si of O kuwa yana sayarwa, ana raba gado a kai, yana maka wanda ya shigar masa fili a kotu ya ci nasara, kuma ko gwamnan sai ya ba da sanarwa da dalilin da doka ta yarda da shi, kotuna sun sha soke ƙwacen da aka yi aka miƙa wa wani attajiri da sunan maslahar jama'a. In muka ce haya mun gudu daga ƙarin gishiri mun faɗa rage wa mutum haƙƙinsa, gobe wani jami'i ya ce masa ai kai ɗan haya ne tashi, shi kuma ya tashi.

"Aro" ma an kawo, wannan ya fi haya rauni, aron gona a ƙauye kowa ya san ko bishiya ba a yarda ka dasa ba. "Amana" kuma ai ta gwamna ce a dokar, ba taka ba, kar mu juya abin.

Wanda ya tsayar da ni sosai wani malami ne daga Zariya, Allah ya gafarta malam, yace fiƙihu ya riga ya raba wannan gardama tuntuni, akwai mallakar asalin abu akwai mallakar amfaninsa, milkul manfa'a, don haka a ce "takardar mallakar amfani". Gaskiya ta fuskar ma'ana babu wadda ta kai ta dacewa, na yi ta juya ta a baki tun azahar. Matsalata ɗaya ce malam, bakin mutane yana yanke doguwar kalma, a Kantin Kwari ko wajen dillalan fuloti kwana biyu za a yi "amfani" ta faɗi a hanya a koma "takardar mallaka", mun dawo gidan jiya kenan. A littafi ko a aji zan yi amfani da taka, amma muna neman wadda za ta rayu a bakin dillali da mai unguwa.

Ni abin da na fi karkata a kai shi ne riƙo. Takardar riƙon fili, ko a gajarce shaidar riƙo. Ku saurari yadda muke magana da ma: gonar nan wa ke riƙe da ita? Wane ne ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu. Mai riƙo yana da iko na gaske, ba a shiga masa, amma kalmar da kanta tana gaya maka akwai wani a sama. Wata 'yar'uwa tace ita riƙo yana tuna mata riƙon ƙwarya, kamar abu na kwana biyu. Hajiya ai ƙwaryar ce ta kawo wannan, riƙo shi kaɗai ba shi da gajeren wa'adi, yarinyar da gwaggonta ta ɗauka riƙo a nan take girma har a yi mata aure, kuma duk unguwa an san ba ita ta haife ta ba.

Abin da ya ƙara min son ta shi ne tana haihuwa. Wanda gwamna ke bayarwa a birni sai mu ce riƙon gwamna, wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a karkara, da doka ta ƙayyade hekta 500 na noma da 5,000 na kiwo, riƙon gargajiya. Sokewa ta zama janye riƙo, kuɗin shekara kuɗin riƙo, sayarwa kuma miƙa riƙo, nan take mutum zai gane dalilin da ya sa ake zuwa KANGIS ko KADGIS, wato hukumomin rajistar filaye na Kano da Kaduna, neman sahalewa bayan an gama ciniki an sha hannu. Masu filin awon igiya da takardar dagaci kawai a hannu, ku kuma taku shaidar ciniki ce, tana da amfani a matsayin hujja amma ba ita ce Si of O ba.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi yace su a can suna da takardar fili mai suna titir fonsiye kuma mallaka suke ce mata. Toh ku riƙe abinku, tsarin ku daban ne, na ku daga dokar Faransa ya samo asali kuma ita titir fonsiye mallaka take nufi, kar ku ɗauki tamu ku liƙa mata. Wannan ma wani dalili ne, in rediyo ɗaya muke ji daga Kano har Damagaram bai kamata abu biyu mabambanta su zo da suna ɗaya ba.

Na ƙirga waɗanda suka amsa zuwa yanzu, riƙo ta fi samun goyon baya, mallakar amfani na bi mata. Ni dai daga yau "takardar riƙon fili" zan riƙa rubutawa, 'yan jarida da ke nan ku gwada ta a labari ɗaya mu ji yadda za ta zauna a kunne. Ɗazu bayan la'asar na gwada ta a kan Kawu, nace Kawu takardar riƙo ce a hannunka. Ya yi shiru, can yace toh da haka aka faɗa min tun farko ai da mangwaron na fi yawaitawa.