Sanyin gaɓoɓi ya ƙi jin methotrexate, sai me kuma?

Uwar Biyu, Aboabo: Salamu alaikum. Mai ciwon gaɓoɓi irin na rheumatoid, wata huɗu tana shan methotrexate, yatsu na nan a kumbure, da safe hannu ya sandare. Wane magani ya rage?

Ɗan Asawase: Wa alaikumus salam, Hajiya. Miligiram nawa take sha? Da yawa ana barinsu a 7.5 ko 10, alhali ana iya hawa a hankali zuwa 25. Sau ɗaya a mako ake sha, mai shan sa kullum zai iya rasa ransa. Folic acid kuma, bitamin da ake ba mai shan methotrexate, wata rana daban ake shan sa. In ƙwayar na tayar da zuciya, akwai allurarsa, jiki ya fi ɗaukarta. In an kai 25 ɗin ba sauƙi, likita kan haɗa da sulfasalazine da hydroxychloroquine. A nemi takardar turawa zuwa babban asibitin Komfo Anokye a Kumasi ko na Korle Bu a Accra.

Malamar Nima: Bayan ukun nan sai allurai irin adalimumab ko rituximab. Akwai tsada, ga ajiya a firji, ga ɗaukewar wuta. Kafin a fara dole a gwada tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, don alluran sukan tashi ciwon da ya kwanta.

Ɗan Asawase: Na manta, Hajiya: kada ta haɗa Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da methotrexate, haɗin yana durƙusar da ƙwayoyin jini. Mai neman ciki ma ba ta shan methotrexate.