Neman kalmar Hausa: zakaran lafiya, jakada ko wakili?

1/ Jama'a, ina neman agajinku. An ba ni aikin rubuta takardun wani gajeren horo da Hausa, domin ma'aikatan wata masana'anta a Sharaɗa da wasu 'yan kasuwa a Kantin Kwari, kuma kalma ɗaya ta zame mini ƙarfen ƙafa: abin da Turawa ke kira "health champion".

2/ Bari in fara da bayanin ko wane ne mutumin. A Ingila, ƙungiyar Royal Society for Public Health tana ba da takardar shaida ta share fage ga wanda ya koyi yadda ake jan hankalin jama'a su kyautata lafiyarsu. Ba likita ba ne, ba ya allura, ba ya rubuta magani. Abokin aikinka ne da kuke cin abinci kwano ɗaya. Shi zai tuna maka cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen da ke cikin miya ma gishiri ne. Shi zai ce ka motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. In ya ga ciwon kai ya ƙi barinka, sai ya ce, "Alhaji, mu je a auna jininka," ya nuna maka asibitin da za ka.

3/ Da yawa sun ce mini "zakaran lafiya". Ban karɓa ba. Zakara a wurinmu wanda ya ci gasa ne. In ka kira mutum haka a kasuwa, za a ɗauka ya fi kowa ƙoshin lafiya, alhali wataƙila shi ma yana fama da ciwon suga, kuma wannan ne ma zai sa a saurare shi. "Gwarzo" ma matsalarsa ke nan, sai ka ji kamar lambar yabo ce ta ƙarshen shekara.

4/ "Jakadan lafiya" yana da daɗin ji, amma jakada daga sama ake aiko shi, kuma kamfanoni sun mayar da kalmar ta 'yan talla.

5/ Wani dattijo ya ce ai muna da duba-gari tun zamanin Turawa, ga makarantar koyon aikin tsafta nan a Kano. Baba, ina girmama wannan aiki, amma ku tuna yadda iyayenmu mata ke ruɗewa in an ce ga duba-gari nan tafe: a wanke randa, a share tsakar gida, kada a ci tara. Shi da doka yake shigowa. Wanda muke nema ba shi da ikon cin tarar kowa, lallashi ne jarinsa. Yarjejeniyar Ottawa ta 1986, wadda taron ƙasashen duniya kan inganta lafiyar jama'a ya fitar, ita ma a kan haka ta tsaya, wato a ba mutane ikon riƙe ragamar lafiyarsu da kansu.

6/ "Malamin lafiya" shi ne ya fi ba ni tsoro. A bakin mutanenmu malamin asibiti ma'aikacin lafiya ne. Ka ba mai horon yini ɗaya wannan suna, kafin mako ya zagayo an fara kawo masa yara masu zazzaɓi har gida, kuma wani ba zai iya cewa a'a ba.

7/ Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kawo "wakilin lafiya", kuma zuciyata ta kwanta da shi. Kalmar tsohuwa ce a birnin nan, muna da Wakilin Gabas da na Yamma da na Kudu da na Arewa. A kasuwa kuwa, in 'yan layi za su tura mutum taro, daga cikinsu suke zaɓar wakili, wanda ya san halinsu kuma ba sa jin nauyin gaya masa gaskiya. Ga shi tana lanƙwasuwa ba wahala: wakiliyar lafiya, wakilan lafiya.

8/ An yi mini gyara mai ƙarfi, cewa wakili yana yin abu a madadinka ne, kuma ba wanda zai rage gishiri ko ya daina sigari a madadin wani. Haka ne. Sai dai wakilcin nan tsakanin jama'a ne da asibiti: ya ɗauko bayani daga can ya kawo layinsa, ya kai kukan layinsa can. Zan rubuta wannan a shafin farko domin kada a ruɗe.

9/ Don haka a takardun zan sa "wakilin lafiya", takardar kammalawa kuma "Shaidar Horon Share Fage ta Wakilin Lafiya". Ranar Asabar zan karanta wa mutum biyar a Kwari ba tare da wani bayani ba, in tambaye su aikin me suke jin mai wannan suna yake yi. In suka ce allura, zan dawo nan mu sake lale.