Ina zan ji kiɗan gargajiya a Maraɗi?

Assalamu alaikum jama'ar Maraɗi. Baƙo ne ni daga Kano, na shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, sayen wake ya kawo ni, kuma da alama zan yi mako biyu kafin kaya su haɗu. Da rana ina kasuwa, ba matsala. Dare ne ke damuna: bayan isha'i sai in koma masauki in zauna ni da waya.

Tun ina yaro nake son gurmi da kukuma, to na ɗauka a nan ko'ina na juya zan ji. Shekaranjiya wani ɗan kabu-kabu ya ce ya san wuri, na ba shi dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, ya sauke ni a wani biki inda lasifika ce kawai ke ta ruri, ko kalangu ɗaya babu. Na sha lemo na dawo.

Don Allah a ina ake samun makaɗa na gaske? Makaɗan fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, masu kakaki da algaita, suna fitowa ranar Juma'a ne, kuma baƙo zai iya tsayawa ya saurara? Ko sai na je Tibiri wajen Gobirawa? Filin kokawa fa, ana kiɗa a wannan lokacin?

Sannan fadar shayin da nake gani a ƙofar gidaje, in mutum ya yi sallama ya zauna ba laifi? Sukari da ganyen shayi a kaina.