Daga ina zan fara da ayyukan Lorna Simpson?

Zulai: Salamu alaikum jama'a. An ba mu aiki a makaranta kan Lorna Simpson, 'yar Amurkan nan mai fasahar hoto da zane. Ayyukanta sun yi mini yawa, daga ina zan kama?

Anti Binta: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da na yanke-da-liƙa. Kan mata take yankowa daga tsofaffin mujallun Ebony da Jet, sai ta cire gashin ta zuba tawada a madadinsa, shuɗiya ko ja, wani ma ta ɗora masa hoton duwatsu masu ƙyalli. Kamar hayaƙi na tashi daga kansu. Akwai littafin da ya tattara su, ya fito a 2018.

Malam Habu: Hajiya Binta, ki yi haƙuri, ta nan ba a fara ba. Wanda bai ga hotunanta na farko ba, ado kawai zai gani a waɗannan. Zulai, nemi Waterbearer na 1986: mace ce sanye da farar riga, ta ba mu baya, tana tsiyayar da ruwa daga butar ƙarfe da gorar roba. Rubutun da ke ƙasa yana magana kan macen da ta ga abin da ya faru, aka tambaye ta, aka kuma ƙi yarda da ita. Sai Guarded Conditions na 1989. Nan ma fuska a ɓoye take da gangan.

Anti Binta: To Malam ya zo da allo da tawada 😄 Amma gaskiyarka. Ki haɗa da Wigs na 1994, gashin kanti iri-iri ba kai ba fuska.

Zulai: Zanen fenti fa, Malam?

Malam Habu: Daga baya ta shige shi. Manya-manya ne, shuɗi mai duhu, duwatsun ƙanƙara, fuskar mace na leƙowa a ciki. Gidan tarihi na Met da ke New York ya baje su a 2025. A waya ba sa fitowa sosai, ki duba a kwamfuta.

Sadiq: Ni ta bangon mujallar Essence na san ta, wanda ta yi wa Rihanna a farkon 2021.

Zulai: Na gode ƙwarai. Bari in fara da mai tsiyayar ruwan, Anti kar ki yi fushi.

Anti Binta: Za ki dawo wajena ne.