Neman taimako kan binciken jin daɗin rayuwar sojojin ruwa

Salamu alaikum, malamai. Ina bincike kan jin daɗin rayuwar sojojin ruwa, kuma na maƙale. Takardar WHOQOL-BREF ta Hukumar Lafiya ta Duniya nake amfani da ita, mai tambayoyi 26 na auna jin daɗin rayuwa. To amma wanda ya yi makonni a cikin jirgi, gado kan gado, me zai ce in an tambaye shi gamsuwarsa da sufuri ko muhallinsa? Gidansa na bariki zai auna, ko jirgin?

Babbar damuwata ƙananan sojoji ne. In hafsa na kusa, kowa sai ya zaɓi "na gamsu sosai". Don Allah, yaya ake raba takardun har su saki jiki? Kuma in na sauya tambayoyin, ingancin ma'aunin zai lalace?